Lodin dawowa daga Legas amma sai bayan kwana 45 za a biya, in karɓa ko in bari?

Ɗan Kakuri:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Don Allah masu harkar manyan motoci da waɗanda suka san kan lissafi ina neman shawara, abin ya kwana biyu yana cina a rai kuma ba na son kai maganar gida saboda tun farko ba su so na shiga harkar ba.

Bara na karɓi tirela DAF a hannun wani Alhaji a nan Kaduna, haya-fachas, wato sayen mota ana biya a hankali har ta zama tawa, na ba da kafin alƙalami mai kauri, sai da fili na na Rigasa ya tafi, sauran kuma muka yanka miliyan 2 duk wata, yanzu saura wata 14. Aikinta ɗaukar masara da waken soya daga Saminaka ko Giwa zuwa Ibadan da Legas wurin masu yin abincin kaji, buhu 300 tan 30. Zuwan ba laifi. Dawowar ce matsala, sau biyu direba yana ce min babu lodi a ƙasa ta dawo wayam, sau ɗaya kuma ya kwana takwas yana bin layi kafin ya samu rabin mota, ga gas ga kuɗin abincinsa shi da yaron mota ga na hanya duk daga aljihuna.

Toh yanzu abu biyu ne suka haɗe min. Na farko wani ejan ya same ni ya ce akwai kamfanin kayan abinci a wajen Agbara da ke neman motocin da za su riƙa kawo musu kaya sitonsu na Kaduna, miliyan 1.7 kowane sawu, za a ba ni kashi 40 na sha mai a take, cikon kuma sai bayan kwana 45. Na biyu, watan jiya giyar motar ta zube min, ta yi sati uku wurin makanikai a Panteka, ban biya Alhaji na watan ba kuma na wannan watan ma ban ga alamarsa ba. Da na je masa ya ce ba komai zai ɗaga min wata biyun, amma zai ɗora dubu 300 a kan kowane wata.

Lissafina shi ne in karɓi ɗagawar Alhaji, in karɓi lodin kamfani, in kuɗinsu ya fara shigowa sai in toshe ramin. Amma zuciyata ta ƙi kwanciya. Wanda ya taɓa yin irin wannan don Allah ya ce wani abu.

Baba Mai Daf:

Wa alaikumus salam yarona. Na yi shekaru a harkar nan tun ina karen mota har Allah ya ba ni nawa, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne mota mai dawowa wayam ba sana'a take maka ba, yawon buɗe ido take kai direbanka. In ta Abuja da Lokoja kake bi ka haura kilomita 900 kafin ka ga Legas, hanyar Birnin Gwari da Tegina da Mokwa ta fi kusa amma ka san abin da ya kore mu daga cikinta, ramuka da mutanen daji. Tawa da kaya tana shan lita 450 ko sama da haka a sawu ɗaya, wayam kuma ba ta yin ƙasa da 300. Ka ga kenan ko ba ka ɗauko komai ba kashi biyu cikin uku na man nan sai ka ƙona shi, taya tana ci, direba yana cin abinci, masu tare hanya ba sa ce maka tunda babu kaya wuce kyauta.

Ko kakanninmu fatake ba su yi wannan gangancin ba. Ayarin da ya tashi daga Kano da kanwa da fata da tufafi ya nufi Gwanja, da goro yake dawowa daga Salaga, babu madugun da zai yarda jaki ya tako wannan tafiyar bayansa babu mangala.

Sannan ka gyara yadda kake kallon abin. Kai kake ce masa lodin dawowa don a Kaduna kake kwana. A abin da na gani kayan da ke tasowa daga kudu, na kamfanoni da na tashar jirgin ruwa, sun fi namu yawa in ka cire lokacin kaka, shi ya sa ka ga an yi maka farashin da ya fi na masararka. Wato dai wanda kake rainawa shi ne babban sawun, masarar ce rakiya.

Amma fa kwana 45 ɗin nan, tambayi ejan daga yaushe ake fara ƙirga shi. Ni an taɓa yi min haka da wani kamfani, ina zaton daga ranar da aka sauke kaya ne ashe sai ranar da webil (takardar rakiyar kaya) na asali mai hatimin sito ya koma ofishinsu na Legas aka shigar da shi kwamfuta, kuma webil ɗin yana cikin akwatin direba yana yawo da shi tsakanin Tafa da Maraban Jos har sati biyu. Da aka shigar kuma sai aka ce ranar biyan ’yan kwangila sau biyu ce a wata, na ƙetare ta farko sai ta biyu. Kwana 45 ya zama saba'in da wani abu. Sun biya, ban ce sun cinye ba, amma a tsakanin nan na ci bashin mai a gidan mai har kunyar wucewa ta gaban wurin nake.

Akanta KD:

Baba ya gama magana a kan hanya, bari in ɗan taɓa lissafin tunda shi ne abincina.

Oga Ɗan Kakuri, kashi 40 na miliyan 1.7 shi ne dubu 680, cikon miliyan 1 da dubu 20. Dubu 680 ɗin nan in ka cire gas da alawus ɗin direba da kamashon ejan da na hanya da ƙyar wani abu ya rage, ma'ana ribarka gaba ɗaya tana cikin kuɗin da ba ka riƙe ba. In motar tana yin sawu uku a wata, kafin alat na farko ya shigo ka yi musu sawu huɗu ko biyar, wato kana bin su miliyan 4 zuwa 5. A taƙaice kai da ka kasa biyan Alhaji miliyan 2 kai ne za ka ba kamfani rancen miliyan 5 babu ko sisin ruwa. Ban ce abin ba shi da kyau ba, in ka haye watanni biyun farko kuɗin zai riƙa zubowa a jere kamar albashi, amma hayewar ce aikin, kuma kai ka zo bakin ruwan ne da ƙafa ɗaya.

Kuma ba duka miliyan 1 da dubu 20 ɗin za ka gani ba. Kamfanoni masu rajista suna cire haraji tun daga tushe kafin su tura maka, in katan ya ɓata ko ruwa ya taɓa kaya saboda tamfol ya yage a jikin kuɗinka za a yanka, a farashin da suka ga dama. Ka tambaya ko akwai inshorar kayan da ke kan hanya kuma wa ke biyanta. Sai babbar tambaya, sunan wa ke kan kwangilar? In sunan ejan ne to ba kamfani kake bi ba, ejan kake bi, ranar da kamfani ya biya shi ya juya kuɗin ya sai wa wata motar mai, in ka je bakin get ɗin kamfanin ko sunanka ba su sani ba.

Yanzu maganar Alhaji. Kalmar “ɗagawa” tana da fuska biyu kuma mutane da yawa a nan suke faɗawa. In yana nufin wata biyun za su koma can ƙarshen yarjejeniya, wata 14 ya zama 16, to dubu 300 a kan miliyan 2 kashi 15 ne cikin ɗari a tsawon sama da shekara, a lissafin boko zalla wannan ya fi na banki araha nesa ba kusa ba, tunda a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwan Babban Banki kansa ya kai 27.5, na bankunan kasuwa kuma yana sama da haka. Amma in yana nufin ya saurara maka wata biyu ne kawai, a wata na uku ka kawo na ukun a dunƙule da ƙarin dubu 600, to kashi 15 ne a wata biyu, ka buga shi a shekara ka ga ya tasar wa 90. Kuma ranar da za ka nemo miliyan 6 da dubu 600 ita ce daidai lokacin da kuɗinka ke kwance a Agbara. In ka kasa, duba takardarku, galibin haya-fachas da ake yi a gari akwai layin da ya ce in ka tsallake wata kaza mai mota zai ɗauke abarsa, abin da ka biya a baya ya zama kuɗin haya. Filin Rigasa ya tafi kenan.

Ko gwamnati in ta ce ta ɗaga biya sai ka karanta ƙananan rubutun. A watan Maris na 2020 lokacin korona Babban Banki ya ba da hutun shekara ɗaya a kan rancensa na tallafi, ya kuma sauke ruwan daga kashi 9 zuwa 5, amma hutun a kan uwar kuɗi ne, ruwan bai daina gudu ba. Da yawa sun ɗauka an ce a je a huta ne kawai.

Direban Maraba:

Hhhhh oga Ɗan Kakuri ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ni direba ne shekara goma sha ina kan sitiyari kuma ba na cin amanar abokan sana'a amma gaskiya ɗaya ce. Motarka ba ta taɓa dawowa wayam ba. Wace tirela ce za ta taso daga Legas ta wuce Ogere ta wuce Ibadan babu wanda ya ɗora mata ko jarkar manja? Sai dai ta shigo Kaduna wayam, wannan kam na yarda, an sauke a Gwagwalada ko Suleja an share bodi tas.

Ba wai ina cewa direbanka ɓarawo ba ne, ka tambayi kanka nawa kake ba shi. Wasu masu motar sai su ba ka kuɗin abincin kwana huɗu ka yi kwana goma a layi, kana kwana ƙarƙashin mota sauro na cinka yaron mota na kallonka, in ka kira waya a ce maka “ka yi maneji”. Toh manejin kenan. In kana son lodin dawowa ya zama naka ka yanka wa direba kasonsa a fili a kan kowane sawu, wallahi da kansa zai riƙa nemo maka lodi tun kafin a gama sauke masara, mu muka san ’yan kamasho mu muka san inda kaya yake.

Abu ɗaya da zan yaba wa lodin kamfani ko da ba sa biya da wuri shi ne ka san abin da ke bayanka. Lodin kan hanya wani sai a ce maka omo ne ko taliya, a ƙasa an jera shinkafar waje, kwastan in sun tare ba kayan kaɗai suke riƙewa ba har motar. Tun rufe boda na 2019 na san motocin da suka shiga hannu a haka, masu su suna gida ba su san hawa ba ba su san sauka ba, kuma mai haya-fachas ba ruwansa da motarka tana hannun hukuma, wata in ya ƙare ya ƙare. Sannan na kamfani ana aunawa, tan 30 tan 30 ne, ba irin na kasuwa da za a lafta maka tan 40 a ce ai DAF ce ba. Wa ya sani ma ko abin da ya zubar maka da giya kenan.

Ɗan Kakuri:

Kai Direban Maraba ka sa jikina ya yi sanyi, don sawun da ya ce min wayam ya dawo na ga bodin da danshin mai na tambaye shi ya ce na makanike ne. Allah ya kyauta. Akanta na gode ƙwarai, gaskiya ban tambayi Alhaji wace irin ɗagawa yake nufi ba, da ya ce ba komai daɗi ne ya rufe ni na yi ta godiya na fito.

Malam Na Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa Allah ya warware maka. Akanta ya yi bayani mai kyau amma akwai inda zan saɓa masa, inda ya ce in an mai da wata biyun ƙarshe abin ya yi araha. Araha ko tsada, dubu 300 ɗin nan ba ta da wani suna sai riba. Ita ce ma ainihin ribar jahiliyya da Alƙur'ani ya sauka a kanta, bashi ya yi wa mutum wa'adi sai mai bin sa ya ce ko ka biya ko ka ƙara in ƙara maka lokaci. Ka lura da bambancin, tun ranar ciniki da Alhaji ya ce motar nan kuɗi hannu kaza ce, biya a hankali kuma kaza, kuka tsaya a kan guda ɗaya kuka rabu a kai, jumhurun malamai sun halatta wannan ko da na biyun ya fi yawa. Amma da zarar farashi ya zauna ya zama bashi a wuyanka, ba a sake yi masa ƙari don an ƙara kwanaki. Aya ta 280 a Baƙara cewa ta yi in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, ba ta ce a saurara masa da lada ba. Shi ya sa ko bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja da Kaduna da Kano, in sun ci mai jinkiri tara don kada mutane su maida abin wasa, ƙa'idar ita ce kuɗin ba ya shiga ribarsu, sadaka ake yi da shi.

Shi kuwa lodin kamfani babu laifi a jinkirta ladan aiki in an san adadi an san rana kuma ka yarda. Abin da ba a so shi ne wa'adi marar kai, “in mun samu” ko “in an sa hannu a sama”. A rubuta, a sa shaidu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce ai Alhaji mutumin kirki ne kunya ta hana mu neman takarda. Kuma in sha Allahu ejan zai zo maka da wata, zai ce kawo webil ɗin in ba ka dubu 900 yanzu in kamfani ya biya in ɗauki miliyan ɗayan da ɗoriya. Ka guje ta, sayar da kuɗi ne da kuɗin da ya fi shi a kan jinkiri, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ga wata ƙofa da nake ganin za ta fisshe ka. Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim da ya ce taurin bashin mawadaci zalunci ne, ƙarshensa cewa ya yi in aka haɗa ɗayanku da mai hali ya karɓi bashinsa a wurinsa to ya bi shi. Wannan ita ce hawala. Alhaji yana bin ka miliyan 2 da wa'adinta ya riga ya yi, kai kuma in ka yi wa kamfani sawu biyu kana bin su abin da ya kai haka. Ka je masa da wani dattijo da yake jin nauyinsa, ka ce Alhaji ƙarin nan ka yafe shi don ni da kai duka zai cutar a gaban Allah, ga takardar kamfani, cikon sawun farko da na biyu kai tsaye asusunka za su faɗa ba sai sun bi ta hannuna ba. Sau da yawa ba dubu 300 ɗin ce ta dame su ba, tsoro suke kada in an sassauta maka sau ɗaya ka maida shi al'ada. In ya ga inda kuɗinsa zai fito hankalinsa zai kwanta. Allah ne mafi sani.

Akanta KD:

Allah gafarta Malam na karɓi gyara, ni dama alƙalami kawai na buga. Ƙari ɗaya a kan hawalar, kamfani ba zai tura kuɗi asusun wanda ba shi da suna a littafinsu ba sai da wasiƙa a rubuce daga mai kwangilar, wasu ma ba sa yarda sam. In sun ƙi, a buɗe asusun da kuɗin zai riƙa faɗawa a ba banki umarnin ranar kaza a tura wa Alhaji kaza, a nuna masa takardar. Duk wannan kuma sai in sunan Ɗan Kakuri ne a kan kwangilar ba na ejan ba, mun sake dawowa wurin dai.

Hajiya Mai Citta:

Sallama gare ku. Ni ba ni da mota amma ina cikin waɗanda ake zagi a nan, wato masu kayan da ba sa biya da wuri, toh bari ku ji ta bakinmu.

Citta nake saye a Kachia da kewaye ina kai wa masu fitar da ita waje a Legas. Wanda nake kai wa ba ya ba ni kuɗi ranar da aka sauke, sai an auna an duba danshi an tankaɗe ƙasa an cire abin da za a cire, wani lokacin sai kwantena ta shiga tasha. Shi ma yana jiran na ƙetare ne. Manomi kuwa ba ya jira, a take yake karɓar abinsa. Toh ni da ke tsakiya ina zan samo na mota a ranar? Ba mugunta ba ce ƙanena, bashi hanji ne yana cikin kowa, kamfanin Agbara ɗin ma da ka gani da katon get sai dilolinsa sun sayar sun kawo.

A 2023 da cutar nan ta faɗa wa citta a kudancin Kaduna gonaki suka ruɓe, kuɗin da na raba wa manoma tun damina ya narke a ƙasa, ina riƙe da cikon motoci uku. Biyu sun yi ta min sintiri a ƙofar gida har da ɗan sanda, na sai da abin da na sayar na biya su kuma ban ƙara ba su lodi ba har yau. Na ukun wani bawan Allah ne ya ce Hajiya rubuta min ranar da kike ganin za ki iya, na rubuta wata huɗu, na biya shi saura kwana shida. Yanzu duk kayan da zan ɗora shi nake fara kira, kuma ni na haɗa shi da wanda yake ba shi tayil da kayan gini na dawowa. Ban faɗi haka don ka zama mai sanyin hannu ba, ka dai san wa kake ba bashin. Ka je sitonsu na nan Kaduna da sassafe ka samu direbobin da ke layin sauke kaya, sai musu shayi ka tambaye su ogansu yana samun kuɗinsa a kan kari ko sai an yi ta safa da marwa, a cikin minti goma za ka ji abin da ejan ba zai gaya maka ba ko a shekara.

Kuma kada ka zuba motar gaba ɗaya a kansu tun yanzu. Ka ba su sawu ɗaya ko biyu a wata, ragowar ka nemi na kuɗi hannu ko da bai kai nasu tsoka ba, guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. In ka ga alat na farko da idonka sai ka ƙara. Sannan ka roƙi a mai da na sha man kashi 50 ko 60, suna yi in sun matsu da mota, musamman gab da azumi da ƙarshen shekara da kaya ke yawa.

Baba Mai Daf:

Hajiya ta faɗi abin da na manta. Ka kuma sa a rubuta kwana nawa za su riƙe maka mota wurin lodi da wurin saukewa, in ya wuce kwana biyu ko uku su biya kuɗin zama. Mota ta yi kwana biyar a bakin sito tana jiran a samu wurin ajiye kaya sawu guda ka rasa, kuma babu mai rubuta maka shi a webil. Ni tun da aka buɗe tashar tsandauri ta Kakuri a 2018 nake jin za a rage mana wahalar Apapa, to har yanzu dai ga mu a kan titi.

Ɗan Kakuri:

Jama'a na dawo da bayani, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan la'asar na je wurin Alhaji da kawuna wanda suka yi makarantar allo tare. Ashe ta biyun yake nufi, wata na uku in kawo duka a dunƙule, da na ji haka sai da gumi ya keto min. Kawu ya yi masa magana, ya ɗan yi fuska ya ce shi ma kuɗin mutane ne a hannunsa, daga ƙarshe dai ya janye ƙarin amma wata ɗaya kawai ya yarda ya mayar ƙarshe, ɗayan kuma in cika shi nan da sati shida, in na saɓa ko da kwana ɗaya ne maganar sassauci ta ƙare. An rubuta, kawu da yaron shagonsa sun sa hannu.

Na je sito yau da safe kamar yadda Hajiya ta ce. Direbobi uku na samu, biyu sun ce ana biya amma a lissafa wata biyu ba kwana 45 ba, na ukun ya ce shi ogansa ta hannun ejan yake kuma tun na kafin sallah ba su gani ba. Da na kira ejan ɗina na ce ina son sunana a kan takarda sai ya fara ce min ai ba a yi wa mai mota ɗaya rajista, sai mai biyar zuwa sama, in bari kawai a ƙarƙashinsa babu matsala. Ban ba shi amsa ba tukun. Sati shida na Alhaji ba zai jira wata biyun kamfani ba, don haka sawu biyu masu zuwa na kuɗi hannu zan nema ko nawa ne.

Direba kuma mun zauna, ban tsananta ba na ce masa daga yau kashi goma na duk lodin dawowa nasa ne in ya kawo shi a fili. Ya yi shiru ya sosa ƙeya, can sai ya ce ai akwai wani mutumin Ibadan mai manja da yake yawan neman mota zuwa Zariya, bari ya duba ko yana da lambarsa.

Baba, maganar mota biyar ɗin nan, naka nawa ne yanzu? In akwai hali mu yi magana ta akwatin sirri.

Baba Mai Daf:

Uku ne, ɗaya tana kan jak a Mando tana jiran kambun baya. Turo saƙon, amma sai bayan isha'i don yanzu ina gareji.